Hajiya, An Huce?

Wulari, Maiduguri
Yuni, 2013

Gwaggo Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida duka. Ya ƙafar? Allah Ya sa ruwan bana bai tayar miki da ita ba. Mu nan alhamdu lillahi, Abdulwahab yana gaishe ki, yara ma haka. Kin dai ji an yanke mana waya gaba ɗaya tun watan jiya, wai don kada mutanen daji su riƙa magana da juna. Su ban san ko sun daina ba, mu dai an mayar da mu zamanin kakanni. Shi ya sa kika ga takarda a hannun Bala direba.

Gwaggo, na je Ajilari. Na san ba ki aike ni ba, kuma ban manta ba, tun ranar da Yaya Sa'id ya auri Kellu kika ce kada wanda ya ƙara kawo miki zancen ɗanki. To shi ya tafi, ita ma ta tafi, rana ɗaya aka tare su a hanyar gonarsu ta Dusuman, aka kashe su. Amma sun bar yarinya, ba ta wuce shekara biyar ba. Tana hannun uwar Kellu, Kaka Hamsatu, a wani kango da suka fake a ciki. Tsohuwar tari take kamar ƙirjinta zai tsage.

Wallahi goshin Yaya Sa'id ne sak a kan yarinyar nan. Na tambayi sunanta, kawunta Madu ya ce Yagana. Ba ta jin Hausa, Barbarci zalla. Ni kuwa kin san ni, shekara huɗu ina garin nan ban iya ko sannu da harshensu ba. Me zai kai ni? Mai tumatir na jin Hausa, mai keke na ji, sojan kan hanya ma da ita yake zaginka. In suka juya nasu sai in ji kamar ana zuba tsakuwa a kwano, in kama gabana.

Sai dai wani abu ya faru da ya hana ni sukuni. Da na durƙusa gabanta don in ga fuskarta, sai ta dube ni, ta ce da Hausa tsaf, irin ta cikin Kano: "Hajiya, ina kwana? An huce?" Da la'asar sakaliya fa! Madu ya yi dariya ya ce iyakar Hausarta ke nan, duk wanda ya durƙusa gabanta haka take ce masa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Bayan Babbar Sallah Madu zai kwashe su zuwa Diffa, can Nijar, wurin danginsu. Tsohuwar ta san ba za ta daɗe ba. Ta ce in uwar uban yarinyar ta neme ta da bakinta, za ta bar mata ita. Ni na ce a ba ni, suka ƙi. Ni 'yar ɗan baffanki ce kawai, a wurinsu ban fi maƙwabciya ba. In suka tsallaka da ita, Gwaggo, ba na jin za mu ƙara ganinta.

Ina jiran amsarki a hannun Bala.

'Yarki,
Rashida


Kano
Yuli, cikin azumi

Rashida,

Wa alaikumus salam. Ƙafa tana nan yadda kika bar ta. Mutanen gida lafiya lau. Ki gaida mijinki, ki ce masa na gode da ya bar matarsa tana yawon unguwanni a garin da ake harbe mutane kamar zabi. Barkanku da shan ruwa.

Na karanta takardarki. Shisshigi dai ba ki daina ba, haka ubanki Abdulmutallib yake, Allah Ya jiƙansa, ba a faɗa a unguwa bai sa baki ba.

Goshi! Wa kika taɓa gani an haifa babu goshi?

Ni abu ɗaya na duba a takardar nan, kuma ya ishe ni. Suna. Yagana. Na juya shi a bakina, na rasa ta inda zan haɗiye shi. Ke 'yar gidanmu ce, kin san yadda ake yi. 'Yar fari sunan uwar uba take ci. Ni da surukata ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba, amma da na haifi mace sunanta aka sa, ban ce uffan ba. Wancan ya san haka sarai, a gabansa aka yi. Ranar suna ya zauna cikin surukansa, aka miƙa masa goro, ya zaɓi sunan Barebari ya liƙa wa 'yarsa. Shi ya yanke hukuncin da kansa, ba ni ba. Yarinyar tasu ce, ya ba su ita tun tana tsumma.

Maganar da kika ce ta yi miki kuwa, haba Rashida, da girmanki! Koya mata aka yi. An ji akwai wata Hajiya a Kano mai gida da shago, aka zaunar da yarinya ana cusa mata abin da za ta faɗa. Ba su ma iya ba, ba su gaya mata ba a ina kwana da la'asar. Kuma dubi rashin kunya, wai an huce. Ni za a turo wa 'yar mitsitsiya ta tambaye ni ko na huce? Da wa na yi faɗa a cikinsu? Ni ban ma san da zamansu ba.

To a ce ma na karɓe ta. Da me za mu yi magana? In zauna da tsufana ina nuni da hannu kamar kurma, maƙwabta na leƙowa? In ke kina sha'awar harshensu, ki je kasuwa ki sayi littafinsa ki haddace, tunda ba ki da aikin yi.

Na ba Bala atamfa biyu da takalmi. Ki kai mata. Sadaka ce ta watan azumi, irin wadda zan ba kowane maraya, kada a ɗauke ta wani abu daban.

Halimatu Sadiya


Wulari, Maiduguri
Agusta, 2013

Gwaggo Hajiya,

Assalamu alaikum. An yi Sallah lafiya? Allah Ya karɓi ibadunmu. Mu nan mun yi ta a tsorace, sai da 'yan gora, samarin da ke tsaron gari, suka laluba mu tun daga ɗankwali har takalmi kafin mu shiga filin idi. Ƙaramin namu ya yi zazzaɓi, ya warware. Sadakarki ta isa. Takalmin ya yi mata yawa, amma ta ƙi cire shi.

Littafin da kika ce in saya ban saya ba. In ma akwai shi ban san inda ake sayarwa ba. Abin da na yi shi ne, na roƙi Kaka Hamsatu take bar mini yarinyar ta wuni a Wulari, in mayar da ita kafin dokar hana fita. Ni na ɗauka Hausa zan koya mata. Ashe ni za a sa a makaranta.

Ranar farko ta ja zanena har gaban randa tana cewa nji, nji. Wannan ko akuya ta gane, ruwa take so. Sai are. In ta ga wani abu, ƙadangare ne ko tsuntsu, sai ta yafito ni da hannu ta ce are, in na ƙi tashi ta buga ƙafa. Ka zo ke nan. Yanzu 'ya'yana ma are suke ce wa juna, Abdulwahab na ta tsokanata wai na mayar masa da gida Barebari.

Fato ce ta ba ni wahala. Na zata ɗaki take nufi, don haka da muka koma Ajilari na nuna mata kangon na ce fato. Ta harare ni, irin hararar da kike yi wa mai aiki in ta fasa kofi. Sai ranar da keke ya bi da mu ta bakin hanyar da ke fita Dusuman. Yarinyar nan ta miƙe tsaye cikin keke tana nuna hanyar, tana fato, fato, sai da na riƙe ƙugunta kada ta faɗo. Gida take nufi, nasu, wanda aka ƙone. Kangon Ajilari ba ta taɓa kiransa haka ba.

Akwai guda ɗaya da na so a ce ban koya ba. Maƙwabciyata ta ba ni turaren wuta irin na matan nan, na zuba a kasko da hantsi. Yarinyar tana waje tana wasa. Sai ga ta a guje, ta faɗo ɗakin tana "Ya! Ya!" Ta duba bayan ƙofa, ta ɗaga labule, ta leƙa ƙarƙashin gado. Da ta ga ni kaɗai ce, sai ta tsaya tsakiyar ɗaki. Ba kuka, ba komai. Ni ce na yi kukan. Gwaggo, ba sai wani malami ya gaya mini ya uwa ce ba.

Kin ce koya mata roƙo aka yi. Yarinyar da ko tuwo aka miƙa mata sai ta kalli kakarta kafin ta karɓa? Mutanen da kike jin suna hangen shagonki, na kai musu shinkafa sai da tsohuwar ta rama mini da kuɓewa busasshiya. Ba su san kina da shago ba, ba su kuma tambaya ba.

Yanzu duk inda na sa ƙafa tana biye da ni. Babbar Sallah tana matsowa. Don Allah ki sake tunani.

'Yarki,
Rashida


Kano
Satumba, 2013

Rashida,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Takardarki ta daɗe a hanya, Bala ya ce sai da suka yi kwanaki a Damaturu ana jiran hanya ta lafa. Allah Ya kyauta.

Sannu malama! Kalma huɗu cikin wata biyu. A haka kafin yarinyar ta yi aure kin iya tambayar kuɗin gishiri. Har kin cika mini takarda da su kamar wadda ta sauke Alƙur'ani. Nji. To na ji, an sha ruwa.

Na ga inda kika ce ta shigo ɗakinki tana kiran uwa, kuma duk inda kika sa ƙafa tana biye da ke. Madalla. Tunda ta samu uwa a Wulari, me kuma ake nema wurina? Ashe duk wannan dogon rubutu so kike in buɗe baki in roƙi Barebari, su ba ni, ni kuma in miƙa miki. Da kin faɗa tun farko da ba mu ɓata takarda ba.

Ba zan roƙa ba. Ban taɓa roƙon kowa ba, ba kuma zan fara a kan tsohuwar da ban taɓa gani ba.

Kina ta kawo mini turare da kuka. Ke kin san kuka? Shekara shida wancan yana garin naku, motar Maiduguri kullum tana shigowa Kano. Da aka yi haihuwar nan a bakin 'yan kifi na ji. Na ce to, mace ce, bari mu ji sunan. Na zauna ina jira, ko a kasuwa aka ce ga ɗan Maiduguri sai na waiga. Abin da ya iso kunnena shi ne ba nawa aka sa ba. Wanda bai ga ya dace ya ajiye sunana a gidansa ba, ba zan ajiye 'yarsa a nawa ba.

Ki gaya wa Madu ne ko wa, su tafi da abarsu. Allah Ya raya ta a can. Kada ki ƙara rubuto mini zancen nan, in kin rubuto ba zan buɗe ba.

Halimatu Sadiya


Wulari, Maiduguri
Oktoba, 2013

Gwaggo Hajiya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata kuna lafiya. Na gaya wa Bala in kin ƙi buɗe wannan, ya tsaya a zaure ya karanta miki da ƙarfi maƙwabta su ji. Kin san shi, zai yi.

Ba ni ta kira uwa ba, kin kuma san ba haka na rubuta ba. Amma bar wannan. Na ƙaro kalma ɗaya, ta biyar, ki ƙara yi mini dariya.

Muna shan fura na miƙa mata ludayi, ta ture ta nuna na yara, ta ce gana. Na zata sunan ludayi ke nan. Washegari ta jera takalmin da kika aiko kusa da nawa, ta dafa nata ta ce gana. Na ce to ba ludayi ba ne. Sai kazarmu ta fito da 'yan tsakinta. Ta nuna kazar ta ce ya, ta bi 'yan tsakin ɗaya bayan ɗaya tana gana, gana, gana. Ƙarami. Shi ke nan, na gane, na wuce wurin.

Ranar Juma'a ina yi mata kitso tana ta zillewa, na daka mata tsawa na ce, "Yagana, zauna!" Gwaggo, sai na ji abin da bakina ya faɗa. Ya. Gana. Na saki kitson a rabi, na saɓe ta, na tari keke sai Ajilari.

Na ce wa Madu, uwar wa? Ya dube ni kamar ya ga jaka da ɗankwali. Ya ce, "Shekara huɗu kina garin nan? Kowane layi akwai Yagana, akwai Ba'ana. Wanda aka sa wa sunan uwa ko na uba, wa zai iya kiransa gatsal?" Na ce to me ya sa ba ku faɗa mini ba? Ya ce, "Kin tambayi yadda ake kiranta, na gaya miki. Mun ɗauka kun sani. Ku ba kwa yi?"

Muna yi mana! Gidan wa babu Ummi, babu Walida, babu Mama? Mu da muke cika baki mun fi kowa kunya, muka ji suna muka taɓe baki, ba wanda ya ce me yake nufi. Har da ni, ban cire kaina ba. Amma ni ban yi shekara biyar ina fushi a kai ba.

Ki gafarce ni, yau zan rubuta sunanki. Sunan yarinyar nan na yanka Halimatu Sadiya. Kaka Hamsatu ta ce ranar suna liman ya tambayi Yaya Sa'id, ya faɗa. Daga ranar bai ƙara furta shi ba. Ya ce yaya zai tsaya tsakar gida ya ƙwala wa sunan uwarsa kira, ya ce kawo mini buta? Kellu kuwa ko yarinyar ta yi ɓarna ba ta iya ɗaga mata hannu, sai ta ce surukarta ce.

Saura maganar da kika ce an koya mata don a ci shagonki. Na tambayi tsohuwar, Madu yana fassarawa. Ta ce kullum da safe kafin Yaya Sa'id ya tafi gona, sai ya zo gaban yarinyar, tun tana kwance a zane, ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa. Ya gaishe ta da Hausa. Su ba su san me yake cewa ba, sun ɗauka wasa ne irin na uba da 'ya. Har safiyar da aka tare su ya yi. Ita ma yarinyar ba ta san ma'anarsa ba, ta dai san in mutum ya durƙusa haka ake faɗa.

Ba ke aka turo ta ta tambaya ba, Gwaggo. Shi ne yake tambaya, shekara biyar, a inda ya san ba za a kore shi ba.

Saƙonki ban kai wa Madu ba, kuma ba zan kai ba. Suna ɗaure kaya, da an gama cin naman Sallah za su tashi. In har yanzu so kike su tafi da ita, ki aiko wanda ya fi ni taurin zuciya ya faɗa musu. Ni na gaji da zama 'yar aikenki.

Rashida


Kano
Jajibirin Babbar Sallah

Rashida,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Ba sai Bala ya yi mini wa'azi a zaure ba, na iya karatu tun kafin a haife ki.

Shekara huɗu kina zaune cikin mutane, kalma biyu suka gagare ki sai da kaza ta koya miki. Kuma har kina da bakin yi mini tsiwa. Za mu yi wannan maganar in na zo.

Bala zai taso yau da takardar nan. Ni sai an sauko daga idi, akwai motar da za ta fita washegari. An ce hanya ba kyau, an ce in bari. Masu cewa haka ba su da abin da za su ɗauko a can.

Ki je Ajilari ki gaya wa Madu kada ya kuskura ya ɗora yarinyar nan a mota. Ki gaya wa Hajiya Hamsatu ina zuwa da ƙafata, wannan mai ciwon, in roƙe ta da bakina kamar yadda ta ce. Ki tambayo mini yadda ake gaida babba da harshensu, kada in je in tsaya mata kamar gunki. Ki sayi turaren nan da kika ce, mai yawa, zan taho da shi Kano. Ki kuma ƙarasa mata kitson, ba a barin kai a rabi.

Are, ko? Haka kika ce ana faɗa? Na yi ta maimaitawa a ɗaki, mai aikina ta zata ciwon ne ya taɓa mini kai.

Abu na ƙarshe, kuma ki ji ni da kyau. Na san halinki da azarɓaɓi. Kada ki fassara mata maganar nan, kada kuma ki amsa mata in ta faɗa miki. In na iso zan durƙusa, ko ƙafar za ta karye. Ni aka tambaya, ni zan amsa.

Halimatu Sadiya